Kiwon Kifi A Yankin Maska: Wane Kifi Ne Zai Iya Zama Da Tarwaɗa A Ruwa Ɗaya?

Garin Maska da ke Ƙaramar Hukumar Funtuwa a Jihar Katsina ya yi suna wajen bikin kamun kifi, amma kifin da ke jan hankalin masu ɗan jari a yankin yanzu shi ne na kiwo. ’Yan kasuwa da ma’aikatan gwamnati masu tunanin ranar ritaya kan gina tankin siminti a bayan gida, ko su haƙa tafki a fadama, su zuba ’ya’yan tarwaɗa. Sai ranar kwasa wasunsu ke gano cewa abin da ya fito bai kai abin da aka zuba ba, alhali ba a taɓa ganin mushen kifi a saman ruwa ba. Zargi yakan faɗa kan yaron da ke kula da wurin. Sau tari kuwa ɓarawon yana cikin ruwan.

Tarwaɗa mafarauciya ce, kuma ba ta ƙyale ’yar uwarta. ’Ya’yan da aka ƙyanƙyashe rana ɗaya ba sa girma daidai. A cikinsu akan sami ’yan ƙalilan da ke yi wa sauran fintinkau, su riga kowa kaiwa ga abinci, sannan su juya kan ƙananan. Wadda ta ninka ’yar uwarta tsawo tana iya haɗiye ta ɗungurungum, kuma duk wadda ta haɗiye ƙara mata girma take yi. Mai kiwon da ba ya lura sai ya riƙa alfahari da waɗannan manyan, bai san jarinsa suke ci ba.

Saboda haka abokin zaman da ya fi dacewa da tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol shi ne tarwaɗa sa’arta. Masu sana’ar kan ware kifin gwargwadon girmansa kusan duk bayan mako biyu a watanni biyun farko, manya su koma tanki daban. Wanda yake da tanki guda tal ba shi da inda zai kai su, don haka gara ƙananan tankuna biyu ko uku da babba ɗaya. Yunwa ma tana rura wutar lamarin. Abinci ne ke lashe kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo, kuma idan buhu ya yi tsada akan ga wasu sun rage ciyarwa. Tsimi ne na asara, domin kifin zai cike gurbin da naman ɗan uwansa.

Batun haɗa tarwaɗa da karfasa shi ya fi rikita sababbin shiga. A tafkin ƙasa haɗin yana da amfani. Karfasa tana cin gansakuka da ƙananan halittun da ruwa ke haifarwa, ga ta da yawan haihuwa: macen tana ɗaukar ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, kuma tana fara haihuwa tun ba ta yi wani girma ba. Idan aka bar ta ita kaɗai, tafki kan cika da ’yan tsirit ɗin kifi waɗanda ba su da daraja a kasuwa. Tarwaɗa tana rage wannan cunkoso, ta sami abinci kyauta, iyayen karfasar kuma su sami sararin girma. Sharaɗin shi ne karfasa ta riga shiga ruwan, ko ta kasance ta fi ƙarfin bakin tarwaɗar da za a zuba. Idan aka juya tsarin, abinci kawai aka saya wa tarwaɗa da tsada.

A tankin siminti kuwa zaman nasu na doya da manja ne. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iska daga saman ruwa, shi ya sa take jure cunkoso da gurɓataccen ruwa. Karfasa ba ta da wannan baiwa, kuma ita ke fara galabaita idan iskar da ke cikin ruwan ta yi ƙaranci, musamman da asuba.

Bargi ma yana zama lafiya da su a tafkin ƙasa mai faɗi, tunda ƙananan halittu da abin da ya kwanta a ƙasan ruwa yake tacewa.

Kifin da bai kamata a kusanto da shi ba shi ne mafaraucin da aka kamo a kogi ko madatsar ruwa, irin su tsage da giwan ruwa, komai ƙanƙantarsa ranar da aka kawo shi. Giwan ruwa yana iya haura kilo 100. A shekarun 1950 aka zuba shi a Tafkin Biktoriya da ke tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma an alaƙanta ɓacewar nau’o’in ƙananan kifaye kusan 200 da shi. Abin da ya yi wa tafki mafi girma a Afirka ke nan, balle haƙar da ba ta wuce kadada ba. Bayan haka, duk kifin da aka ɗebo daga Mairuwa ko wani ruwan daji yana iya shigowa da cuta, don haka ko karfasa ce a keɓe ta na ’yan makonni kafin a haɗa.

Mai sayen iri kuma ya tambayi ainihin abin da ake sayar masa. Ramboshi, da irin da ake samu idan an haɗa shi da tarwaɗa, sun fi tarwaɗa zalla girman jiki, sun kuma fi ta cin juna. Wanda ya zaɓe su sai ya ƙara yawan warewa, ya kuma yi ta da sassafe ko da yamma, lokacin da rana ba ta da zafi.