Matakan Farko na Ƙarar Nuna Bambanci a Wurin Aiki: Misali daga Amurka

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba matakan da ƙarar nuna bambanci a wurin aiki takan bi kafin ta kai ga zaman shari'a. Mun ɗauki Amurka don misali, inda Babi na 7 na Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ya haramta nuna wa ma'aikaci bambanci saboda launin fata, ko asali, ko addini, ko jinsi. Dokar ta shafi duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 15 zuwa sama.

2.0 Kai Kuka ga Hukuma

Ma'aikaci ba ya zarcewa kotu kai tsaye. Sai ya fara kai kukansa ga hukumar EEOC cikin kwana 180 da faruwar abin, ko kwana 300 in jiharsa na da irin wannan doka da hukumarta. Hukumar za ta sanar da mai ma'aikata cikin kwana 10, sannan ta nemi a sasanta ko ta yi bincike. Idan ta ba ma'aikaci takardar izinin shigar da ƙara, kwana 90 kawai gare shi.

A nan ne masu gaskiya kan faɗi. Lilly Ledbetter ta yi shekaru ana biyanta ƙasa da takwarorinta maza, amma a 2007 Kotun Ƙoli ta ce ta makara. Wannan ya sa majalisa ta kafa doka a 2009, cewa kowane albashin da aka tauye yana sabunta wa'adin.

3.0 A Gaban Kotu

Da wuya mai ma'aikata ya furta cewa ƙiyayya ce ta sa shi. Saboda haka, a shari'ar McDonnell Douglas da Green ta 1973, Kotun Ƙoli ta shimfiɗa matakai uku. Da farko ma'aikaci ya nuna cewa ya cancanta amma aka hana shi, a yanayin da ke nuna alamar bambanci. Sai mai ma'aikata ya kawo dalili na halal. Daga nan nauyi ya koma kan ma'aikaci, ya tabbatar cewa dalilin fakewa da guzuma ne kawai. Idan bayan musayar takardu da jin shaidu ya kasa kawo hujja, alƙali na iya korar ƙarar ba tare da zaman shari'a ba.

4.0 Kammalawa

Mun ga cewa wa'adi da hujja su ne ginshiƙin ƙarar tun farkonta. Ya kamata ma'aikaci ya riƙa rubuta ranaku, ya adana takardun albashi da na ƙarin girma, ya kuma san cewa doka ta hana a yi masa ramuwa don ya kai kuka. A Nijeriya, gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya damƙa irin waɗannan ƙararraki ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, don haka wannan darasi na adana hujja ya shafe mu.