Kafin ka rubuta "oganik" a jikin buhunka

Idan kana cikin matasan da ke tallar kaya a WhatsApp da Instagram, ka san yadda kalmar "oganik" ta zama ruwan dare. Zuma oganik, garin zogale oganik, riɗi da zoɓo duk oganik. Ka tambayi mai kayan me ya sa ya kira shi haka, sai ya ce ai daga ƙauye aka kawo, ba a zuba masa takin zamani ba. A cikin unguwa wannan amsar tana wucewa. To amma ɗan'uwa, in burinka kayanka su tsallaka ruwa, akwai ƙofofi uku a gabanka, kuma kowace da takardar da take nema.

Ƙofa ta farko ita ce ta ragowar magani a jikin abinci. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, amma a watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wakenmu ƙasashenta, daga baya kuma ta yi ta tsawaita dakatarwar. Dalilin shi ne sinadarin dichlorvos, wanda ke cikin Sniper da fiya-fiya. Dokarsu ba ta yarda ya wuce miligram 0.01 a kilo ɗaya ba, sai ga shi an samu daga 0.03 har zuwa 4.6. Yi lissafi da kanka: na ƙarshen ya ninka iyakar sau 460.

Galibi ba a gona ake yin ɓarnar ba. Manomi zai iya noma wakensa lafiya lau, ɗan kasuwa ya saya ya kai sito, ya ji tsoron ƙwari su huda masa jari, sai ya yayyafa magani ya ɗinke buhu. Da wannan yayyafin aka rufe wa ƙasa guda kasuwa. Kuma waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne muke ƙosai da alale da shi a gida.

Ƙofa ta biyu ta ƙwari da cututtukan shuka ce. Kowace ƙasa tana gudun a shigo mata da abin da zai cinye gonakinta, kuma mu ma mun ɗanɗana. Tsutsar Tuta absoluta asalinta daga Kudancin Amurka take. Ta ɓulla a Sifen a 2006, ta yi ta yaɗuwa, har a 2016 ta lalata tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, mutane suka raɗa mata suna Ebolar tumatir, gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman. Irin wannan tsoron ne ya sa Meziko ta taɓa dakatar da zoɓon Najeriya saboda ƙwaron khapra da ke ɓuya cikin kayan sito. Hukumar NAQS ce ke duba amfanin gona ta ba da takardar shaidar lafiyar shuka kafin a fitar da shi. In babu ita, kwantenarka za ta iya zama a tashar jirgin ruwa kana biyan kuɗin ajiya, ko a dawo da ita, ko a lalata kayan.

Sai ƙofa ta uku, ta kalmar oganik kanta. A Turai da Amurka doka ce ke riƙe da kalmar, ba ka isa ka manna ta don ka ga dama ba. Sabuwar dokar Tarayyar Turai mai lamba 2018/848 ta fara aiki a watan Janairun 2022. Gonar da ake shuka amfanin shekara-shekara, kamar riɗi, sai ta yi shekara biyu tana bin ƙa'ida kafin shukar da za a kira oganik. Itatuwa shekara uku. A Amurka kuwa shekara uku ake so ƙasar ta yi ba a zuba mata abin da aka haramta ba. Mai bincike daga kamfanin da aka amince da shi zai zo aƙalla sau ɗaya a shekara, ya duba gona da sito da littafin da kake rubuta komai. Ko buhunanka ba a yarda su cakuɗu da na gama-gari ba.

Za ka ce ina ni ina wannan ɗawainiya? Gaskiya akwai kuɗi a ciki, shi ya sa dokar ta ba ƙananan manoma damar haɗuwa a ƙungiya su karɓi shaida ɗaya, muddin suna da tsarin sa wa junansu ido. A nan ne mai ilimin boko yake da wurin tsayawa. Ƙungiya tana buƙatar wanda zai auna gonaki da waya, ya rubuta ranar shuka da irin da aka shuka da abin da aka fesa, ya bi buhu tun daga gona har mota. Ke ma 'yar'uwa da kika gama makaranta kina jiran aikin ofis, wannan aiki ne da ake biya.

Akwai kuma abin da za ka fara tun kakar bana. Buhun PICS mai ninki uku, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi, yana da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. In wake ya bushe sosai ka ɗaure kowane ninki daban, iska ta ƙare wa ƙwari su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Sharaɗin kawai kada ledar ta huje.

Sannan ka daidaita tallarka da abin da za ka iya tabbatarwa. In ba ka sa magani a ajiya ba, rubuta hakan. In ka san gonar da manomin, faɗi garin. Kalmar oganik kuwa ka jira takarda, don ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mai saye na waje ɗakin gwaji yake kai samfurin kayanka kafin ya biya. Ka nemi littafi ka fara rubutu tun daga buhun farko na bana, domin shekara biyun nan ba ta fara ƙirguwa sai ka yi rajistar gonar da masu ba da shaidar.