IN MAI BIN BASHI YA YI SALLAMA, KADA A CE BA KA NAN

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna so mu tattauna a kan wani al'amari wanda da wuya a sami gidan da bai taɓa shiga ba, watau bashi, musamman abin da ya wajaba a kan wanda ake bi a ranar da mai haƙƙi ya tsaya a ƙofar gidansa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cinsa ba laifi ba ne in da bukata, domin ya tabbata a cikin Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu alhali sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir. Inda ɓarna take shigowa shi ne halin da da yawa daga cikinmu muke ɗauka bayan lokacin biya ya yi.

Kowa ya san yadda abin yake gudana. Mai bin bashi ya yi sallama a zaure, maigida yana ɗaka, sai ya tura yaro ya ce baba ya fita. A yau kuma wayar hannu ta sauƙaƙa ɓuyan: a ga lambar mutum a ƙi ɗauka, ko a kashe wayar, ko a sake layi ɗungurungum. Wani har masallacin da ya saba salla yakan ƙaurace masa don kada su haɗu a sahu. Ta haka bashin kuɗi kaɗan yakan haifi ƙarya da saɓa alkawari da yanke zumunci, yaron da aka aika kuwa ya koyi ƙarya daga bakin ubansa. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ruwaito cewa Manzon Allah yakan yawaita neman tsari daga bashi a cikin salla, da aka tambaye shi dalili sai ya bayyana cewa idan bashi ya yi wa mutum nauyi yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa.

Imamu Muslim ya kawo labarin wani sahabi, Abul Yasar, wanda yake bin wani mutum kuɗi a Madina. Ya je gidansa ya yi sallama, iyalin suka ce ba ya nan. Can sai ga ƙaramin ɗansa ya fito, da aka tambaye shi sai ya ce ai babansa da jin muryar baƙon ya shige makwancin mahaifiyarsa ya ɓuya. Abul Yasar ya kira shi ya fito, ya tambaye shi abin da ya sa ya ɓoye masa. Mutumin ya rantse cewa tsoro ya ji kada ya yi wa sahabin Manzon Allah ƙarya ko ya yi masa alkawari ya saɓa, kuma lalle yana cikin matsi. Abul Yasar ya sa shi ya maimaita rantsuwa, sa'an nan ya ɗauko takardar bashin ya shafe ta da hannunsa, ya ce masa in ya samu ya biya, in bai samu ba ya yafe. A lura, ɓuyan bai amfane shi da kome ba, ɗansa ma shi ya tona shi. Gaskiyar da ya faɗa ido da ido ita ce ta sauke masa kayan.

To, me ya kamata wanda ake bi ya yi? Da fari ya zauna ya rubuta dukan abin da ake binsa, da sunan kowane mai haƙƙi da adadin kuɗinsa da ranar da aka yanka. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani duka, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka, ƙarami ne ko babba. Wanda bai rubuta ba ranar karɓa, ya rubuta yau, ya kuma sanar da iyalinsa inda takardar take. Daga nan ya dubi abin da yake samu, ya ware na ci da sha da haya, saura ya raba shi ga masu binsa gwargwadon haƙƙinsu. In yana da kadarar da ta wuce bukatarsa, kamar filin da ya ajiye ko dabbar da yake kiwo, ya sayar. Ya kuma kame hannunsa daga kashe-kashen biki da suna irin na nuna isa, domin Manzon Allah ya kira jinkirin mai hali wajen biya da sunan zalunci.

Sa'an nan shi ne zai riga mai bin bashi zuwa, tun kafin ranar ta cika. Ya gaya masa halin da yake ciki, ya faɗi abin da zai iya bayarwa kowane wata, kada ya ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfinsa don kawai a rabu da shi yau, gama alkawari kaya ne. In ya ga maganar za ta yi zafi, ya tafi da dattijo ko limami ko mai unguwa. Ka'abu bin Malik ya taɓa bin Ibnu Abi Hadrad bashi a cikin masallaci har muryoyinsu suka ɗaga, Manzon Allah ya ɗaga labulen ɗakinsa ya yi wa Ka'abu nuni da ya yafe rabi, ya yarda, aka ce wa ɗayan ya tashi ya biya saura. Wannan sulhu ne a kan bashin da lokacinsa ya riga ya yi. Amma a kiyayi sulhun da za a ƙara kuɗi don a ƙara kwanaki, wannan shi ne ainihin ribar Jahiliyya. Haka nan cin sabon bashi mai ruwa don a biya tsoho, rami ne ake haƙawa don cike wani rami.

In mai haƙƙi ya zo da fushi, a yi haƙuri da shi. Wani mutum ya taɓa zuwa yana bin Manzon Allah raƙumi, ya kausasa harshe har sahabbai suka yunƙura masa, amma ya hana su, ya nuna musu cewa mai haƙƙi yana da bakin magana, ya kuma sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa. In Fiyayyen Halitta ya jure zafin mai bin bashi, wane ne mu da za mu ce an ci mana fuska?

Duk da haka, haƙƙin mai bin bashi yana da iyaka. Aya ta 280 a Baƙara ta wajabta jinkirta wa wanda yake cikin matsi har ya sami sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe tsakanin mai taurin bashi da wanda ba shi da shi: a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid an bayyana cewa alƙali yana iya tsare wanda ake bi don a binciki halinsa, amma ba a tsare wanda talaucinsa ya tabbata. Hukuncin kuwa na alƙali ne. Shari'a ba ta ba mai bin bashi damar zagi ko ƙazafi ko tsoratar da mata da yara ba.

Wannan ya kawo mu ga fitinar da ta bayyana a 'yan shekarun nan, ta kamfanonin ba da rance ta waya. Mutum yakan sami kuɗi cikin 'yan mintoci bisa ruwa mai nauyi da gajeren wa'adi, in ya makara sai wasunsu su bi lambobin da ke cikin wayarsa suna aika wa surukai da abokan aiki saƙo cewa wane ɗan damfara ne. Abin ya yi ƙamari har hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, ta kuma wajabta musu yin rajista. A 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke cikin wayar mai karɓar rance, a shekarar ce kuma aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya. Saboda haka wanda aka yi wa irin wannan tozarci ya adana saƙonnin, ya kai ƙara gaban hukuma. Ya tuba daga shiga riba, amma ya sani zaluncinsu bai sauke masa uwar kuɗin da ya karɓa ba. Masu bashin banki kuma su tuna, tun daga watan Agusta na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya kafa tsarin da ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga sauran asusun mutum a wasu bankuna ta hanyar lambar BVN, in ya sa hannu a kan haka ranar karɓa. Gudu daga wannan banki zuwa wancan ba mafita ba ne, zama da su a sake tsara biya ya fi.

Jama'a ma suna da nasu kason. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa waɗanda bashi ya danne a cikin mutane takwas da ake ba zakka. Muna kira ga mawadata da hukumomin zakka na jihohinmu da su nemi irin waɗannan bayin Allah, domin mafi yawansu kunya ba ta barinsu su yi roƙo. Shi ma wanda bashin halal ya fi ƙarfinsa, ba abin kunya ba ne ya kai kukansa.

Dalilin wannan nanatawa duka shi ne bashi ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. An taɓa kawo gawar wani mutum da ake binsa dinari uku, Manzon Allah ya ƙi yi masa salla sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ya kuma tabbata a cikin Muslim cewa ana gafarta wa shahidi kome ban da bashi. A fiƙihunmu, da zarar wanda ake bi ya rasu, duk bashin da ke kansa lokacinsa ya yi, kuma ana fitar da shi kafin wasiyya da rabon gado. Zubairu bin Awwam, wanda aka kashe a shekara ta 36 bayan Hijira, ya bar bashin miliyan biyu da dubu ɗari biyu, ya kuma yi wa ɗansa Abdullahi wasiyya da shi. Abdullahi ya sayar da filin Gaba ya biya, sa'an nan ya ƙi raba gado sai da ya yi shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji cewa duk mai bin Zubairu ya zo. Su suna neman masu binsu har Makka, mu kuwa muna ɓuya a bayan ƙyaure.

Saboda haka, ɗan'uwa, in an yi maka sallama gobe, ka fito da kanka, ka shimfiɗa tabarma, ka faɗi gaskiya ko da hannunka babu kome. Kai kuma mai bi, in ka ga alamar matsi ka sassauta, domin an yi wa mai yin haka albishir da inuwar Allah ranar da babu wata inuwa sai tasa. Allah Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya wadata mu da halal, Ya sa mu cika ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.