Dogaro Tsakanin Manhajoji da Hatsarin Shara a Uwar-Garke

Gabatarwa

Uwar-garke ita ce kwamfutar da ake bari a kunne dare da rana domin ta yi wa sauran kwamfutoci hidima. A cikinta ne makaranta takan adana sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawa, kuma ta hanyarta ake yin rajista a intanet. Da yawa daga cikin irin waɗannan kwamfutoci suna aiki ne da Debian, tsarin da Ian Murdock ya assasa a 1993, ko kuma Ubuntu, wanda aka gina a kansa a 2004. Wannan kashi zai yi bayani a kan yadda manhajojin da ke cikinsu suke dogara da juna, da kuma dalilin da ya sa share abin da ake zaton ba shi da amfani yakan tsayar da aiki cak.

Ma'anar Dogaro

A tsarin Debian, manhaja tana zuwa ne a cikin fakiti, kuma Debian 12 da ya fito a 2023 ya ƙunshi fakitoci sama da 64,000. Da wuya a sami fakitin da yake tsaye da ƙafafunsa. Galibi yakan yi aron wasu ayyuka daga laburare, wato tarin ƙananan ayyukan da aka rubuta sau ɗaya domin manhajoji da yawa su ci moriyarsu. Wannan alaƙa ita ake nufi da dogaro. Ɗalibin nahawu ba zai yi baƙunta a nan ba. A jumlar "Audu ya tafi kasuwa", kalmar "ya" ta fi kowace ƙanƙanta, amma da zarar an cire ta jumlar ta rushe.

Kowane fakiti yana ɗauke da jerin waɗanda ya dogara da su. Wasu na tilas ne, wasu kuwa shawara ce kawai. Manhajar APT, wadda ta shigo tare da Debian 2.1 a 1999, ita take karanta wannan jeri, ta kawo duk abin da ake buƙata. Daga nan sai ta riƙe wani bambanci mai muhimmanci: fakitin da mutum ya nema da kansa daban, wanda ya shigo a matsayin ɗan rakiya daban. Tana rubuta sunayen 'yan rakiyar a cikin fayil mai suna extended_states. Idan aka cire wanda suka rako, kuma babu wani fakiti da yake neman su, sai su zama marayu, umarnin "apt autoremove" kuwa aikinsa shi ne ya kwashe marayun.

Inda Gizo Yake Saƙa

APT ba ta san abin da ake amfani da shi ba. Abin da aka rubuta mata kaɗai ta sani. Duk manhajar da aka girka da hannu, ba ta hanyar fakiti ba, to ba ta cikin lissafinta, haka nan buƙatun wannan manhaja.

A ƙaddara cewa wani ma'aikaci ya rubuta wa wata kwaleji manhajar lissafa makin ɗalibai, wadda take ɗauko bayanai daga rumbun PostgreSQL da ke kan wata kwamfuta dabam. Domin ya harhaɗa ta, sai ya girka fakitin libpq-dev, shi kuma ya jawo libpq5 a matsayin ɗan rakiya. Na farko kayan gini ne, ana gama aiki buƙatarsa ta ƙare. Na biyu kuwa shi ne laburaren da manhajar za ta riƙa nema duk lokacin da aka tashe ta. Bayan shekara guda an yi wa ma'aikacin canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya cire libpq-dev, ya kuma ba da umarnin kwashe marayu. A wurin APT babu mai neman libpq5, saboda haka sai ta haɗa da shi.

Abin da ya sa wannan kuskure yake da wuyar ganowa shi ne ba ya bayyana nan take. Manhajar da take cikin aiki ta riga ta buɗe laburaren, kuma za ta ci gaba da amfani da shi ko da an share sunansa daga faifai. Sai ranar da aka ɗauke wuta ko aka sake kunna kwamfutar, watakila bayan makonni, sannan ta ƙi tashi. A lokacin kuwa ba mai tuna sharar da aka yi, kuma ba mamaki ranar ta dace da makon fitar da sakamako. Ba za a ɗora wa APT laifi ba, domin ta aikata daidai da abin da aka sanar da ita.

Hanyoyin Kiyayewa

Kafin a cire komai ya kamata a yi gwaji. Idan aka ƙara "-s" a umarnin apt-get, za ta jero abin da za ta cire ba tare da ta taɓa shi ba, sai a karanta jerin suna bayan suna. Umarnin "aptitude why" yana bayyana silar zuwan fakiti. Dangane da manhajar da aka girka da hannu kuwa, "ldd" yana nuna laburaren da take kira, sannan "dpkg -S" ya faɗi fakitin da ya mallaki kowane fayil.

Idan an gano fakitin da ake buƙata, hanya mafi sauri ita ce "apt-mark manual", wanda yake cire shi daga sahun 'yan rakiya. Sai dai wannan rabin magani ne. Yana hana sharewa, amma ba ya faɗin dalili. Bayan 'yan shekaru sai a tarar da ɗaruruwan fakitoci masu wannan alama, babu wanda ya san na waye, babu kuma mai ƙarfin halin taɓa su.

Abin da ya fi shi ne a yi amfani da manhajar equivs a ƙirƙiri fakiti wanda babu komai a cikinsa sai suna da bayani da jerin dogaro. Alal misali, a sa masa suna "makin-dalibai", a rubuta cewa ya dogara da libpq5, a kuma bayyana manhajar da yake wakilta da inda aka ajiye ta. Da zarar an girka shi, dogaron da yake cikin kan mutum ɗaya ya koma rubuce a inda APT take dubawa. Duk wanda ya yi yunƙurin cire libpq5 zai ga sunan "makin-dalibai" a cikin abin da zai tafi, ya dakata. Ranar da kwalejin ta daina amfani da manhajar kuma, sai a cire wannan fakiti guda, 'yan rakiyarsa su zama marayu na gaskiya.

Idan kuwa ɓarna ta riga ta auku, fayil ɗin history.log da ke cikin /var/log/apt yana ɗauke da kwanan wata da umarnin da aka bayar da sunayen fakitocin da aka cire, kuma daga wannan jeri ne ake mayar da su.