Hakiya: Yadda ƙaiƙayi guda ke iya rufe tagar ido a lokacin kaka

Da zarar kaka ta kama a Dodoru da sauran ƙauyukan Gwandu da Kalgo a Jihar Kebbi, sai aikin yankan gero da shinkafa da sussuka da shiƙa ya kankama. A irin wannan lokaci ne ganyen kara kan sharɓi idon manomi, ko ƙaiƙayi ya faɗa idon mai shiƙa. Akasari murzawa ake yi a ci gaba da aiki. Bayan 'yan makonni sai farin tabo ya fito a kan baƙin idon, abin da Bahaushe ke kira hakiya.

Wurin da ke samun raunin wata fata ce garai-garai kamar gilashi da ke rufe baƙin ido, wadda likitoci ke kira koniya. Kaurinta kusan rabin milimita ne, babu jijiyar jini a cikinta, amma ita ke yin kusan kashi 2 cikin 3 na aikin tattara haske zuwa cikin ido.

Abin mamaki, furotin ɗin da aka gina ta da shi, wato kolajin, shi ne dai ke cikin farin ido. A farin ido zaruruwansa a hargitse suke, wasu kaurara wasu sirara, don haka haske ba ya ratsawa. A koniya kuwa kaurinsu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ma ɗaya. Masani David Maurice ne ya bayyana a 1957 cewa wannan jeruwar ce ke barin haske ya wuce.

A tsakanin zaruruwan akwai ƙwayoyin halitta da ke kula da su. Binciken James Jester da abokan aikinsa a 1999 ya nuna cewa ƙwayoyin suna cike da wasu furotin da ake kira kiristalin, waɗanda ke hana su tarwatsa haske. Idan aka ji rauni mai zurfi, sai ƙwayoyin su rikiɗa su koma masu ɗinke ciwo. Kiristalin ɗinsu ya ragu, su shiga saƙa sabon kolajin cikin gaggawa ba tsari. Ciwon ya warke, amma wurin ya yi fari.

A nan ne hakiya ta bambanta da yanar ido. Yana tana can ciki ne, kuma tiyata ta ɗan lokaci kan dawo da gani. Hakiyar da ta kafu kuwa ba ɗigon da ke narkar da ita, sai dashen koniya, aikin da likita Eduard Zirm ya fara yin nasararsa a 1905, wanda kuma har yau ke da wuyar samu a Najeriya saboda ƙarancin masu bayar da kyautar ido bayan rasuwa.

Ba rauni kaɗai ke jawo ta ba. Amosanin ido kan juya gashin ido ciki ya riƙa kartar koniya, cutar da ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana yaƙa a Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Ƙyanda da ƙarancin bitamin A su ma kan cinye koniyar yara, shi ya sa riga-kafi da ɗigon bitamin A ke da muhimmanci.

Kwanakin farko su ne na ceto. Ganye da ƙaiƙayi kan shigar da ƙwayoyin cuta dangin funfuna. Ɗiga ruwan ganye ko ruwan sukari ko nonon uwa ƙara su yake yi, haka ma ɗigon kemis mai sinadarin sitiroyid da aka saya ba da izinin likita ba. A wanke idon da ruwa mai tsabta, kada a murza. Idan ja da zafi da gudun haske suka kwana, a garzaya asibiti mafi kusa, ko sashen ido a Birnin Kebbi, tun farin bai zauna ba.