Tsohuwar Zuma: Daga Faifan Ringo Starr Zuwa Kalangun Shata

A Getso, wurin yaran nan masu cajin waya da tura waƙoƙi, na ga wani saurayi ya miƙa memori ya ce a cika masa da Hamisu Breaker da Ado Gwanja. Har ya juya sai ya dawo: "A ƙara min Shata, na Baba ne." Da ya karɓa, Shatan ya fara kunnawa. Abin ya tuna min da wani faifai da ya fito a Ingila a watan Maris na 1970.

Ringo Starr shi ne mai ganga a Beatles, ƙungiyar kiɗan rok ta birnin Liverpool wadda ta rikita matasan duniya. Da ƙungiyar ta kama hanyar watsewa, kowa ya zaci zai fito da irin kiɗan da aka san shi da shi. Sai ya koma gida ya tambayi mahaifiyarsa Elsie da sauran dangi waƙoƙin da suke so tun zamanin ƙuruciyarsu. Ya zaɓi 12, ciki har da "Stardust" ta 1927 da "Night and Day" ta 1932, ya sa wa faifan suna Sentimental Journey. George Martin ne ya jagoranci aikin, kowace waƙa kuma da wanda ya tsara mata kiɗa, har da Quincy Jones. Masu sharhi sun yi masa ba'a, don muryarsa ba ta kai ta masu waƙoƙin na asali ba, amma faifan ya kai na 7 a jerin waɗanda aka fi saye a Ingila.

Wasu sun bi sawu. Rod Stewart ya fitar da irin wannan faifai har 5 tsakanin 2002 da 2010, kuma da na ukunsu ne ya samu kyautar Grammy ta farko a rayuwarsa. Bob Dylan, wanda ya lashe kyautar Nobel ta adabi a 2016 saboda baitocinsa, ya ajiye alƙalaminsa a 2015 ya rera waƙoƙi 10 da Frank Sinatra ya taɓa rerawa.

To me ya hana namu mawaƙan zamani yin haka da Shata ko Ɗanƙwairo? Wasu za su ce raini ne, wai 'yan fiyano ba su san darajar na gaba ba. Ni ban yarda ba. Bambancin yana cikin yadda aka haifi waƙar tun farko. Waɗancan tsofaffin waƙoƙin Amurka, irin su Cole Porter ne suka rubuta su a takarda, da kalmomi da karin sauti, aka buga aka sayar don duk mai murya ya ɗauka. Riga ce da aka ɗinka aka rataye a kasuwa. Waƙar Shata kuwa a jikin mai ita aka gwada ta. Mamman Shata, ɗan Musawa nan maƙwabtanmu, wanda ya rasu a 1999, ba ya rubutu. Yana tsaye gaban jama'a yake ƙaga baiti, 'yan amshi su karɓa, kalangu ya ba shi amsa, gobe kuma ya sake ta da wasu kalmomin. Sannan yawancin waƙoƙinsa da sunan mutum a ciki: Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ko wani attajiri da ya ba da mota. Haka Narambaɗa da Sarkin Gobir na Isa, haka Ɗanƙwairo da Sardauna. Idan yaro ya shiga sitidiyo yau ya rera waƙar da aka yi wa sarkin da ya daɗe a kabari, wa yake yabo, kuma wa zai yi masa kari? Ko a waƙarsa Bakandamiya, Shata kansa yake wasawa. Duk wanda ya ɗauke ta, kirarin wani yake yi da bakinsa.

Shi ya sa a wurinmu tsohuwar waƙa ta hanyar gado take tafiya. Sanusi Shata yana rera na mahaifinsa, 'ya'yan Ɗanƙwairo sun riƙe kotson gidansu, mai sauraro kuma ma'auninsa ɗaya ne: ya yi kama da tsohon ko bai yi ba? Rod Stewart babu wanda ya nemi ya zama Sinatra.

Amma muna da waƙoƙin da ba su da ubangida, kuma su ne suka fi kusa da abin da Ringo ya nema wurin uwarsa. Waƙoƙin gaɗa da 'yan mata ke yi a dandali da farin wata, na daka da na niƙa, na reno, na kai amarya, na tashe a watan azumi. Ba a san wanda ya ƙaga su ba, kowace unguwa da yadda take lanƙwasa su. Daga irin wannan rumbu na mata Barmani Coge ta ɗiba ta ɗora kan kiɗan ƙwarya har ta rasu a 2013, kuma duk mai kunne zai ji ƙamshinsa a waƙoƙin Gwanja. Waƙoƙin nan marasa ubangida ne kuma ba su da kaset, balle memori. Injin niƙa ya kashe dutse, dandali ya koma cikin waya.

Na tambayi wata gwaggota ko tana tuna waƙoƙin gaɗar da suka yi suna 'yan mata. Ta yi dariya, ta ce wannan ai shirme ne na yarinta. Can da na miƙe zan tafi, sai na ji tana tafa cinya a hankali, ta kamo ɗaya, ta kai tsakiya ta tsaya. Ta ce sauran sai da 'yan amshi, su kuwa saura biyu a raye.