Alƙalin Wasa A Shekararsa Ta Biyu

A ƙasar Amurka akwai wani wasan ƙwallo da sanda da a ke kira sofbol, ƙanen wasan besbol. An fara shi a birnin Shikago cikin 1887, aka kafa masa babbar ƙungiya cikin 1933, har ya shiga wasannin Olimfik cikin 1996. Mai jifa ya kan wurgo ƙwallo ta ƙasan hannu, mai bugu ya make ta da sanda, ya ruga ya kewaya zango huɗu, tsakanin kowane da na gaba ƙafa 60. Amma yau ba 'yan wasa ne abin dubanmu ba, alƙalinsu ne, musamman wanda ya ke shekararsa ta biyu.

Aikin ba ƙarami ba ne. Alƙali ya kan durƙusa bayan mai cafe ƙwallo, fuskarsa cikin ragar ƙarfe, ƙirjinsa da sulke. A wasan manyan mata, ƙafa 43 ne tsakanin mai jifa da mai bugu, ƙwallo kuwa ta kan iso kafin rabin daƙiƙa. Cikin wannan ƙiftawar ido zai yanke ko jifan ya bi daidai ko ya kauce. Jifa uku na daidai su kan fid da mai bugu, huɗu na kaucewa su ba shi zangon fari kyauta. Ko wanne ya faɗa, iyayen wani ɓangare za su yi masa ihu.

A shekarar fari kowa na yi masa uzurin baƙunta. A ta biyu uzuri ya ƙare, gwaninta ba ta zo ba tukuna. Ya san doka gwargwadon da zai gane kurensa, saboda haka sai murya ta yi rauni, hannu ya yi nauyi. Mai rabon wasanni kuwa ya kan ba tsofaffin hannu manyan gasa, ya bar masa na ƙananan yara, su ma jefi-jefi. Ga kayan aiki ya saya da kuɗinsa, ladan kuwa a kan kowane wasa a ke biya. To, ga inda ƙullin ya ke: ba a samun ƙarfin zuciya sai da yawan wasa, ba a kuma ba da wasa sai ga mai ƙarfin zuciya. Nan da yawa su kan ajiye aikin. Cikin 2022 ƙungiyar wasannin makarantun sakandare ta Amurka ta ce alƙalai kamar 50,000 sun bari tun daga 2018.

Magani na farko yana hannun alƙalin kansa. Kada ya raina wasan yara, gama da rarrafe yaro kan tashi. Ya sanad da mai rabo ranakun da ba shi da uzuri, ya riƙa isa fili da wuri. Gwanaye su kan hori sabo da ya tsaya cik kafin hukunci, ya bar abu ya gama faruwa, sa'an nan ya faɗa da murya ɗaya. Bayan wasa ya tambayi abokin aikinsa inda ya karkace.

Na biyu yana wuyan manya, nan ne kuwa zancen ya shafe mu. Kowane hedimasta da kowane babban akawu yana da irin wannan yaro a ƙarƙashinsa, wanda ya wuce baƙo bai kai gwani ba. In muka hana shi aiki mai nauyi don tsoron kurensa, wa zai gaje mu? Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Mu ba shi aiki, mu tsaya kusa da shi, mu gyara masa a keɓe. Allah ya sa mu dace, amin.